Asirin da Na Mai da Roƙon Addu'a

Gyadi-Gyadi, Kano

Zuwa ga 'yata Godiya,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Gombe lafiya, babu ko ciwon kai. Ubangiji ya kiyaye ki a masaukinki, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya sa albarka a hannuwanki duk lokacin da za ki taɓa mara lafiya a asibitin da kika kama aiki. Babanki yana gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin zannuwan da na jera miki a jaka. Mace mai baki irina ta zauna tana rubutu, ai kin san da dalili. In na ce zan faɗa miki baki da baki, zan fara da kewaye-kewaye, in shiga kare kaina, ƙarshenta in ɓuge da yi miki faɗa.

Akwai maganar da kika faɗa mini bara a shago, har yau ban ba ki amsarta ba. Kika ce, "Mama, da na gaya miki, da ran Talata duk zumuntar mata sun ji." A hankali kika faɗe ta, ba da rashin kunya ba, kika ɗauki mayafinki kika fita. Tun daga ranar muna gaisawa, muna zuwa sujada tare, amma maganar tana nan tsakaninmu. Yanzu kin yi nisa, tsorona kuwa ɗaya ne: wani abu ya same ki a can ki haɗiye shi ke kaɗai, saboda uwar da ta haife ki ta koya miki cewa ba a ba ta ajiyar magana. Shi ya sa zan faɗa miki kurakuraina yadda Allah ya nuna mini su, ba yadda na so in gan su ba.

Zan fara da yadda nake binciken kaina. Kin san al'adarmu ran Lahadin jibin Ubangiji. Kafin dattawa su zagayo da gurasa da ƙoƙo, fasto yakan ce kowa ya sunkuyar da kai ya binciki zuciyarsa. Majami'a ta yi tsit, ba abin da ake ji sai fanka da ƙarar adaidaita sahu daga titi. Tun ina budurwa a Zonkwa nake wannan sunkuyon, kuma ban taɓa yin sa da wasa ba. Sai dai ina da zunubaina da na saba da su, kamar tsofaffin kwastomomina. Saurin fushi. Makara zuwa sujada. Ƙaryar tela, in ce wa mace ta dawo ran Juma'a alhali ko almakashi ban sa wa atamfarta ba. Sai ragowar ƙyallen mutane da nakan riƙe in haɗa miki 'yan riguna kina ƙarama. Su nakan jera wa Allah, in roƙi gafara, in ɗago kai zuciyata wasai, in miƙa hannu in karɓi gurasa. Wata mai zuwa in sake kawo masa su ɗin dai.

Ban ce waɗannan ba zunubi ba ne. Amma ki lura, 'yata, babu ɗaya a cikinsu da faɗarsa take ƙona ni. Ko a bainar jama'a ina iya cewa, "Ai ni saurin fushi gare ni," a yi dariya, a ce Maman Godiya ba ta ɓoye-ɓoye. In kika ga laifin da kike kai wa Allah kullum irin wanda za ki iya faɗa a gaban mutane ne ba tare da fuskarki ta sauya ba, to ki yi shakka. Mai yiwuwa babban yana zaune a inda ba kya dubawa, kuma ba kya duba wurin ne don kin ɗauka nan kika fi tsabta. Nawa a cikin addu'ata yake zaune.

Aikin tela aikin ganin asiri ne. Tef ɗin awona ya sha gaya mini mace tana da ciki kafin mijinta ya sani, ya sha nuna mini wadda take ramewa a ƙarƙashin babban mayafi. Kuma mace in ta juya miki baya kina auna kafaɗarta, takan faɗi abin da ba za ta iya faɗa ido cikin ido ba. Ni nake ɗinka wa matan ikilisiyarmu rigunan zumunta, don haka kusan kowacce ta tsaya a gabana. Da aka zaɓe ni shugabar addu'a ta zumuntar mata, sai na ce Allah ne ya haɗa mini abin biyu: a shago in ji damuwar mutane, ran Talata in kai ta gaban Ubangiji. In an gama waƙoƙi, an ajiye tulu da ganga, sai in miƙe in ce, "'Yan'uwa, akwai wata 'yar'uwarmu da take bukatar addu'a. Ba zan kama suna ba." Da wannan "ba zan kama suna ba" nake wanke kaina, kuma na yi haka shekara da shekaru.

Ba za ki tuna Rifkatu sosai ba, kina firamare a lokacin. Doguwa ce, siririya, ita take ja mana waƙa. Suna haya a Daurawa, ita da mijinta da yara biyu. Mijin ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin masu karɓar baiko, wato kuɗin sadaka, a majami'a, mutum mai fara'a a waje. Wata rana ta zo awon sabuwar rigar zumunta. Na sa tef a kafaɗarta, sai ta zabura. Na ja wuyan rigarta ƙasa kaɗan, na ga shatin duka, sabo a kan tsoho.

Na ce, "Rifkatu, mene ne wannan?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Mama, don Allah tsakanina da ke. Lallaɓa shi nake yi. Ya yarda zai bi ni wurin fasto bayan Kirsimeti, amma in ya ji maganar nan a waje, na kaɗe."

Na ce, "Haba, ni ce fa. Daga ni sai Allah."

Ran Talata na miƙe. Ban kama suna ba. Na ce wata 'yar'uwa ce mai yi wa Ubangiji hidima da muryarta, mijinta yana ɗaga mata hannu, ga yara ƙanana, ga ta can Daurawa ba mai jin kukanta. Godiya, matanmu biyu ne kacal a Daurawa a lokacin, ɗayar kuwa gwauruwa ce mai jikoki. Rifkatu tana zaune a bencin gaba. Muka rufe ido, na yi addu'a mai zafi har da hawaye, mata suna ta amin. Da na buɗe ido na ga kanta a sunkuye, na ce a raina Ruhu ne yake taɓa ta.

Kafin Lahadi maganar ta zaga Tarauni ta kai Unguwa Uku. Matan sun gaya wa mazansu, wai don su ma su sa a addu'a. Mijin ya shigo majami'a ya ga kallon da ake yi masa, ya ajiye jakar baiko ya fita. Abin da ya faru a gidan ban gani ba, amma Rifkatu ba ta ƙara zuwa ba. Ba a jima ba muka ji ya sa ta a mota zuwa gidan iyayenta a Kafanchan, ya riƙe yaran, daga baya ya nemi canjin wurin aiki ya tafi da su. Kin san abin da na ce? Na miƙe ran Talata na ce, "Kun ga aikin Shaiɗan? Mu ƙara ƙaimi a addu'a."

Ba ina cewa ki ga ana cutar mace ki yi shiru ba. Alhakin duka yana kan mai dukan, zai amsa a gaban Allah. Amma da na rufe shago na zaunar da ita, na tambaye ta me take so in yi mata. Da na ce tashi in raka ki wurin matar fasto yanzu, ko ki kwaso yaran ku zauna a gidanmu. Wannan yana bukatar ƙafa da wahala da shan baƙin jini, ni kuwa na zaɓi wanda ba ya bukatar komai sai baki. Ke yanzu nas ce. Za ki ga jikin mutane fiye da yadda tela take gani, za ki san sakamakon gwajin da ko uwar mutum ba ta sani ba. A can ma za ki shiga zumunta, za a ce wa yake da roƙon addu'a. Kafin ki buɗe baki a kan maganar wani, ki tambayi kanki ko mai maganar ya yarda, kuma ko masu jin za su iya yi masa wani abin da ya wuce ji. In babu, ki kai wa Allah ke kaɗai. Yana jin murya ɗaya sarai, ba sai an taru ba.

Kuskurena na gaba shi ne an gaya mini, na ƙi ji. Babanki kin san shi, malamin makaranta ne har cikin ƙashinsa, ba ya son hayaniya. Bayan tafiyar Rifkatu, muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ya ce, "Maman Godiya, addu'ar nan taku ta Talata, Allah ake gaya wa ko mutane?"

Na ajiye tire na ce, "Me kake nufi?"

Ya ce, "Ina nufin Allah ya san Daurawa. Ba sai an yi masa kwatance ba."

Ranar na wanke shi tas. Na ce shi da yake gyangyaɗi lokacin wa'azi, shi zai koya mini addu'a? Na ce ni duk wata sai na binciki zuciyata kafin jibi, da akwai wani abu da na gani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A aikina ban taɓa ganin ɗalibin da ya tsara wa kansa tambayoyi, ya duba takardarsa da kansa, ya faɗi ba. Ki bar mai jarrabawar ya yi tambayar." Ya ɗauki rediyonsa ya shige ɗaki. Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba magana.

Ki kula da maganar da aka faɗa miki ta ba ki haushi fiye da kima. Wadda zafinta ya ƙi wucewa, kina wanki tana dawo miki, kina tafe a hanya kina shirya amsarta, ita za ki ɗauka ki kai gaban Ubangiji ki ce, akwai gaskiya a nan? Kada ki tsaya auna ko mai faɗar ya fi ki ibada. Babanki yana gyangyaɗi a coci har gobe, kuma shi ne ya faɗi gaskiya.

Yanzu na zo kan naki, nan ne hannuna yake yi mini nauyi. Lokacin da yaron nan da iyayensa suka kawo gaisuwa ya janye maganar aurenku, ni kika fara gaya wa. A kicin ne, kina tsaye kina kuka ba sauti, kika ce kada kowa ya ji tukuna sai kin sami ƙarfin zuciya. Na rungume ki na ce to, kuma har zuciyata na faɗa. Amma ran Talata sai na ga kamar in ban kai ba na hana ki albarkar addu'ar 'yan'uwa. Na miƙe na ce akwai wata yarinyarmu mai karatun jinya da wani ya yaudara. Ran Lahadi a bakin majami'a mata suka yi miki layi. "Sannu Godiya, Allah zai kawo naki." "Ki yi haƙuri, da ma ba mijinki ba ne." Wata har ta ce tana da ƙane a Abuja. Kika ɗago kika kalle ni sau ɗaya daga nesa. Na ce a raina, zafin yaron nan ne har yanzu yake cinta. Ban kawo wa raina cewa zafina ne ba.

Daga nan kika daina shigo mini kicin da magana. In na tambaye ki makaranta, ki ce lafiya. In na tambaye ki jiki, ki ce lafiya. Na riƙa gaya wa mutane 'yata ta girma, ba ta da yawan magana, ubanta ta biyo.

Bara, wata Lahadin jibi, muna sunkuye, na gama jera tsofaffin zunubaina tun fasto bai ce amin ba. Lokaci ya rage, ba ni da abin faɗa. Sai maganar babanki ta ɗalibi da jarrabawa ta faɗo mini, bayan duk shekarun nan. Na ce, "To, Ubangiji, in akwai abin da ke cikina wanda ni ban gani ba, kai ka nuna mini." Gaskiya zan gaya miki, ba da karyayyar zuciya na yi ta ba. Na yi ta ne kamar mai cewa a shiga ɗakinta a duba, don ta san ta yi shara. Amma Allah ya karɓe ta a yadda take.

Ba a daɗe ba kika dawo hutu daga makarantar jinya, na kira ki shago in auna ki don kayan Kirsimeti. Kika yi ta nuƙu-nuƙu kina cewa in yi amfani da tsohon awo. Na ce ke, tsaya nan, kin rame. Na zagaya tef a ƙirjinki, kika zabura, na ga tabon aiki a gefen nononki, bai gama bushewa ba. Kika ce ƙullutu kika ji, likita ya ce a cire a gwada, an cire, an gwada, ba mugun ba ne. Na ce tun yaushe? Kika ce tun damina. Na ce wa ya raka ki? Kika ce Hajiya.

Hajiya Balaraba, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda take zama a bencin shagona kusan kullum muna ɓare gyaɗa muna hira. Ita ta same ki a asibiti, ta zauna a bakin ƙofa har aka fito da ke, ita ta riƙa kai miki farfesu, ita ta taya ki jiran sakamako. Duk makonnin nan tana zaune a gefena, ko a fuska ba ta nuna ba. Na ce miki, "Ni ba uwarki ba ce? Me ya sa ba ki gaya mini ba?" A nan ne kika ba ni amsar nan ta zumuntar mata da ran Talata.

Kada ki ɗauka nan take na tuba. Fushi na yi. Na ji haushinki, na ji haushin Hajiya, ina ta cewa a raina, a ce maƙwabciya ta san ciwon 'yata ni ban sani ba, ni da nake yi wa 'ya'yan mutane addu'a? Da wannan zafin na tafi zumunta. Aka gama waƙa, aka ajiye tulu, na miƙe. Na ce, "'Yan'uwa, ku taya ni addu'a. Akwai wata uwa a cikinmu wadda 'yarta..."

A nan na tsaya. Na ga matan sun gyara zama. Masu fifita sun daina, mai rarrashin goyo ta ɗago kai, duk ido ya dawo kaina. Sai na ji wani daɗi ya taso mini a ƙirji, daɗin da nake ji kowace Talata ina kiransa nauyin addu'a. Ranar Allah ya bar ni na ji ɗanɗanonsa a yadda yake. Ba tausayi ba ne. Daɗin zama wadda ta sani ne, wadda kowa yake jiran bakinta. Ciwon 'yar cikina nake shirin sayen wannan daɗin da shi, kwana kaɗan bayan ta gaya mini a fuskata dalilin da ya sa ta guje ni. Fuskoki suka riƙa zuwa mini, Rifkatu a gaba, da wasu da yawa da suka daina kawo mini ɗinki na ce tsada ce ta kore su. Na ce, "Ku yi haƙuri, ni ce mai bukatar addu'ar," na zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar matan ba ce, don su ba su san abin da ya faru ba.

Ki yi wannan addu'ar, 'yata, amma ki san abin da kike roƙo. Binciken kai yana da kyau, kada ki bari, sai dai bai isa ba. Ki roƙi Allah shi ya bincika, ki ce masa ya fara da wurin da aka fi yabonki. In an ce kin iya haƙuri da marasa lafiya, ki ce ya duba haƙurin. In an ce ba ki da surutu, ki ce ya duba shirun. Kuma kada ki zaɓar masa hanyar amsawa. Ni na zaci a mafarki ko a wa'azi zai yi mini magana, sai ya yi ta da bakin 'yar da na goya. Akwai zafi ƙwarai. Amma ba don ya wulaƙanta mu yake nunawa ba. Almasihu ya riga ya mutu domin wannan zunubin tun ina kiransa hidima, abin da ya rage shi ne in gan shi in sake shi.

Na sauka daga shugabancin addu'a. A nan ma na kusa sake faɗawa, don na so in ba da shaidar tubana dalla-dalla, da labarin kowa a ciki. Babanki ya ce, "In kika yi haka kin sake tallansu ke nan, da hawaye kawai." Wannan karon na ji. Abin da na gaya wa matan shi ne na fake da addu'a na fallasa mutane, ina roƙon gafarar duk wadda na yi wa.

Da muka je gida jana'izar kawunki, na nemi Rifkatu a Kafanchan. Na same ta a bakin kasuwa tana sayar da citta. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta gane ni tun daga nesa, ta ba ni kujera. Na durƙusa a gabanta, mutane suna wucewa, na faɗi abin da na yi ba tare da na sa masa sunan addu'a ba.

Ta ce, "Tashi, Mama. Na yafe miki da daɗewa, in ba haka ba ai ba zan iya cin jibi ba. Auren nan wataƙila da ma ba zai kai ba. Amma da ni zan zaɓi ranar fitata, kuma da yarana zan fita." Ta gyara tulin cittar da ke gabanta, ta ci gaba. "Sun girma yanzu, sukan kira ni a waya, suna ce mini Mama kamar ana tilasta su. Kuma tun daga ranar ban ƙara gaya wa ɗan'adam damuwata ba. Ko me nake ciki, sai dai in ce lafiya."

Na gaya mata kin zama nas, ina so in rubuta miki, amma ba zan sa labarinta ba sai ta yarda. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ki sa, da sunana. Gara ta ji daga bakinki." Shi ne karo na farko a rayuwata da na nemi izini kafin in faɗi maganar wani.

Gafara gaskiya ce, Godiya, na same ta wurin Allah, na same ta wurin Rifkatu. Amma ba ta mayar wa Rifkatu da yaranta ba. A hanyarmu ta dawowa Kano, "sai dai in ce lafiya" ɗin nan tata ce ta hana ni sakat, don na san wata mai amsa mini haka.

Na yi miki laifi, 'yata. Kin ba ni kukanki a kicin na kai shi kasuwa. Saboda ni kika shiga ɗakin tiyata ba uwa a bakin ƙofa, kika yi makonni da tsoron mugun ciwo kina ce mini lafiya a waya. Ki yafe mini. Ba na neman ki amsa da sauri, kuma ban ce don na rubuta takarda sai ki fara gaya mini komai ba.

Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne ki zama kamar Rifkatu, ki rufe bakinki ga kowa saboda abin da ni na yi miki. A garin da kike ba ki da kowa tukuna. Za a yi ranar da za ki yi kuskure a aiki, ko jiki ya ƙi, ko ki faɗa cikin zunubin da za ki ji kunyar ko tuna shi. Ki fara kai wa Ubangiji, shi ba ya tallan kowa. Bayan shi ki nemi mutum. Ki lura da matan ikilisiyar da za ki shiga, ki zaɓi wadda ba ki taɓa jin labarin kowa a bakinta ba, ko da ba ita ta fi ɗaga murya a addu'a ba.

Kafin ki same ta, ga Hajiya. Na shiga gidanta makon jiya na yi mata godiyar da ya kamata in yi tun bara. Ta ce, "Ai 'yata ce, Maman Godiya, ba komai." Na ce mata in kin kira ta da wata damuwa, ta yi miki abin da ta yi a da, kada ta ji nauyina. Ba ƙaramin abu ba ne uwa ta faɗi haka, na fito daga gidan ina share hawaye da bakin zane. Amma gara ki sami kunnen da kika yarda da shi, ko da ba nawa ba ne. Za ta ci gaba da zama a bencina, wataƙila ta san abin da ban sani ba game da 'yar da na haifa, kuma na yi wa Allah alkawari ba zan tambaye ta ba.

In kuwa wata rana kika ga za ki iya gwada ni, ki fara da ƙaramin abu. Ki ba ni, ki jira, ki ga ko zai dawo miki ta bakin wani.

Allah Uba ya kiyaye ki daga hatsarin hanya, da sharrin mutane, da cututtukan da za ki riƙa taɓawa. Yesu Almasihu ya riƙe hannunki. Ruhu Mai Tsarki ya riƙa nuna miki abin da ke ɓoye a zuciyarki tun yana ƙarami, kada ki kai shekaruna kafin ki gani. Ina yi miki addu'a kowace safiya, a ɗakina, ƙofa a rufe, ni kaɗai.

Ni ce mahaifiyarki,
Ladi